Finafinan Mata Matuƙa Jiragen Yaƙi: Ina Tarihi Ya Tsaya, Ina Farfaganda Ta Fara?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Na kalli wani tsohon fim na Rasha inda 'yan mata ke tuƙa ƙananan jirage da dare suna yi wa sojojin Hitila ruwan bama-bamai. Shin da gaske an yi waɗannan mata, ko kuwa farfaganda ce irin ta lokacin yaƙi? Kuma ta yaya mai kallo zai iya rarrabewa?"

Malam, an yi su. Sunayensu suna nan a rubuce, adadin sawun da kowace ta yi yana cikin kundin soja, kuma kaburburan da yawa daga cikinsu suna nan ana ziyarta. Sai dai kasancewar labari gaskiya ne bai isa ya wanke fim daga farfaganda ba, domin farfagandar da ta san aikinta ba ta cika buƙatar ƙarya ba. Abin da take yi shi ne zaɓen lokacin da za a ba da labari, da wurin da za a datse shi, da mutanen da za a bari a wajen hoto. Dattawanmu da suka kalli majigi a zamanin Turawa sun ga irin wannan aiki da idonsu, tunda sashen finafinan da gwamnatin Birtaniya ta kafa a 1939 domin ƙasashen da take mulka ya fara ne da nufin bayyana wa talakawa dalilin yaƙi da Jamus. Jiragen da aka haska musu a farin ƙyalle jirage ne na gaske, amma ba wanda ya haska musu ranar da aka ci Ingila da yaƙi a wani fagen.

Tushen labarin matan Rasha ya riga yaƙin. A watan Satumba na 1938 wasu mata uku, Valentina Grizodubova da Polina Osipenko da Marina Raskova, suka tashi daga Mosko a wani jirgi mai suna Rodina, wato ƙasar haihuwa, suka yi tafiyar kusan kilomita 6,000 ba tare da sauka ba, zuwa can gabashin ƙasar. Da mai ya kusa ƙarewa aka ga dole a sauka cikin fadama, sai aka umarci Raskova, wadda mazauninta ke can a hancin jirgin inda haɗari ya fi yawa, ta diro da laima. Ta yi kwana 10 tana yawo a ƙungurmin daji kafin ta iske 'yan'uwanta. Gwamnatin Stalin ta yi shagalin wannan tafiya iya shagali, aka ba su lambar Gwarzon Tarayyar Sobiyet, su ne matan farko da suka samu, kuma duk wannan ya faru ne a daidai shekarun da ake kwashe dubban ɗaruruwan mutane ana harbewa ko a tura su sansanonin bauta. Jaridu suna buƙatar fuskar da za ta sa mutane su ɗaga kai sama, kuma an same ta.

Wannan shaharar ce ta ba Raskova ƙofar shiga wurin manya bayan Jamus ta afka wa ƙasar a Yuni 1941. Dubban 'yan mata sun riga sun koyi tuƙi a ƙungiyoyin koyon jirgi na sa-kai da aka baza a birane, kuma suna ta rubuto mata wasiƙa cewa ofisoshin ɗaukar soja sun ƙi karɓarsu. A ranar 8 ga Oktoba 1941 aka fitar da umarnin kafa runduna uku ta mata: ta 586 mai jiragen farauta, wato masu kakkaɓo jiragen abokan gaba a sama, ta 587 mai jiragen jefa bam da rana, da ta 588 mai jefa bam da dare. Ba a yi wata babbar shela ba. Ta hannun ƙungiyar matasan jam'iyya, Komsomol, da kuma baki da baki kiran ya riƙa isa ga ɗalibai da malaman tuƙi. A tsakiyar watan aka kwashe su a jirgin ƙasa zuwa garin Engels da ke bakin kogin Volga, aka yanke musu gashi, aka raba musu kakin maza da takalman da suka yi musu yawa har sai sun cusa tsumma a ciki, aka cusa musu karatun shekaru cikin 'yan watanni. Saboda haka idan za a faɗi gaskiya, farfagandar 1938 ita ce uwar waɗannan rundunoni, amma abin da ta haifa ya zama sojoji na haƙiƙa masu mutuwa mutuwar haƙiƙa. Ita kanta Raskova jirginta ya faɗi cikin mummunan yanayi kusa da Saratov a Janairu 1943, aka saka tokarta a bangon fadar Kremlin.

Fim ɗin da ka kalla kusan tabbas a kan runduna ta 588 yake, wadda Yevdokia Bershanskaya ta jagoranta daga farko har ƙarshe, kuma ita kaɗai ce cikin ukun ta zauna ta mata zalla, daga matuƙa har makanikai har masu ɗora bam. A Fabrairu 1943 aka ɗaga darajarta aka sauya mata lamba zuwa ta 46. Jamusawa ne suka laƙaba musu Nachthexen, wato Mayun Dare. Bahaushe ya san nauyin a kira mace mayya, kuma da nufin zagi aka yi, amma su sai suka karɓi sunan suka yi ado da shi.

Yana da kyau a tsaya a dubi jirgin, domin a nan ne finafinai suka fi faɗin gaskiya. Po-2, wanda da farko ake kira U-2, jirgin koyon tuƙi ne na ƙarshen shekarun 1920, mai fukafukai hawa biyu, an ƙera shi da katako an lulluɓe da yadi mai kauri. Gudunsa bai wuce wajen kilomita 150 a awa ba, wato motar zamani za ta iya tsere masa. Mazauninsa biyu ne a buɗe, matuƙiya a gaba, mai duba taswira a baya, iska da ƙanƙara na dukan fuskokinsu. Bam ɗin da yake iya ɗauka bai wuce kilo 200 zuwa 300 ba, don haka dole a yada zango kusa da fagen daga, a riƙa kai da komo. Da zarar duhu ya shiga sai jirage su fara tashi ɗaya bayan ɗaya, tsakaninsu 'yan mintuna. Idan matuƙiya ta kusa inda aka nufa sai ta rage wutar inji har ya kusa yin shiru, ta bar jirgin yana zamewa a iska, ta yadda sojan da ke ƙasa ba ya jin komai sai shuuu na iska a jikin wayoyin fukafukai, sannan bam ya sauka. Daga nan ta ba inji wuta ta juya gida, inda wasu 'yan matan ke jira cikin duhu su ɗaga bam da hannu su rataya, a zuba mai, a sake tashi. A dogon daren hunturu jirgi ɗaya yakan yi sawu goma ko fiye, kuma Nadezhda Popova ta taɓa yin 18 a dare guda. Ba su fara ɗaukar laimar dira ba sai a 1944, kuma jirgin yadi da katako idan harsashi mai wuta ya taɓa shi, kafin ƙiftawa da bismilla ya zama toka.

Daren 31 ga Yuli 1943, a yankin Kuban da ke kudancin Rasha, ya nuna iyakar wannan dabara. Matuƙan sun saba cewa da zarar manyan fitilun Jamusawa sun kama jirgi sai bindigogin kakkaɓo jirage su buɗe wuta. A wannan dare fitilu suka kama jirgin farko amma bindigogi suka yi tsit, domin an turo jirgin farautar dare yana jira a sama. Jirage huɗu suka ƙone ɗaya bayan ɗaya a gaban idon waɗanda ke biye da su, mata takwas suka mutu. Zuwa ƙarshen yaƙi rundunar ta yi sawu sama da 23,000, ta rasa mutum 32, kuma a jimlace mata 23 daga cikinta sun samu lambar Gwarzon Tarayyar Sobiyet, wasunsu bayan yaƙin. Abin da finafinai ba su cika faɗa ba shi ne akwai rundunonin maza masu yawa da suka yi wannan aiki da wannan jirgi, kuma babban amfanin aikin shi ne hana abokin gaba barci da lalata ma'ajiyar mai da makamai da mashigar koguna. Aiki ne mai muhimmanci da ban tsoro, amma ba shi ya karya ƙashin bayan sojan Jamus ba.

Yanzu ga abin da zai ba ka mamaki. A tsawon yaƙin, lokacin da ake tsammanin farfaganda za ta fi rungumarsu, manyan finafinan Sobiyet ba su ɗora matuƙiyar jirgin yaƙi a tsakiyar labari ba. An kwashe masana'antar fim daga Mosko da Leningrad zuwa Alma-Ata a Kazakistan, kuma jarumar da aka fi fitarwa daga can ita ce macen ƙauye da aka kashe wa miji da ɗa ta shiga daji ta zama 'yar sari-ka-noƙe, kamar a fim ɗin Fridrikh Ermler na 1943, ko kuma budurwar da aka azabtar aka rataye, kamar fim ɗin 1944 a kan Zoya Kosmodemyanskaya. A fahimtata dalilin a fili yake. Uwar da baƙin ciki ya tilasta wa ɗaukar gatari tana tunzura namiji ya je ya rama mata, kuma kowa ya san da yaƙi ya ƙare za ta koma gida. Amma mace mai anini a kafaɗa, wadda ta ƙware a sana'ar soja kuma take ba da oda, tana tayar da tambayar da hukuma ba ta shirya amsawa ba, wato ina za a kai ta bayan an ci nasara.

Da aka tashi yin fim a kansu a 1945, sai aka yi na barkwanci da soyayya. Sunansa Nebesnyi Tikhokhod, abin da za a iya cewa Mai Tafiyar Hawainiya a Sama, na darakta Semyon Timoshenko. Wasu abokai uku matuƙa jirgi sun yi rantsuwa ba za su yi soyayya ba sai yaƙi ya ƙare. Ɗayansu ya ji rauni, likitoci suka hana shi jirgi mai gudu, aka tura shi ya shugabanci masu tuƙa U-2, ya je ya tarar 'yan mata ne. Sauran labarin kowa zai iya cankarsa. Fim ne mai daɗin kallo kuma jama'ar da suka gaji da makoki sun so shi, amma dubi abin da ya yi: ya ɗauko rundunar da mace ta jagoranta shekara uku a bakin wuta, ya ɗora mata namiji a kai, ya mayar da tura shi cikinsu wani abin dariya da rage daraja, sannan ya rufe da batun aure. Ba a ƙirƙiri ƙarya game da jirgin ba, amma an sauya ma'anar abin da ya faru gaba ɗaya.

Wannan ya yi daidai da manufar gwamnati a lokacin. Ƙasar ta rasa mutane kusan miliyan 27, tana neman haihuwa ido rufe, har a Yuli 1944 aka ƙirƙiro lambar girma ta musamman ga uwar da ta haifi 'ya'ya 10 ta rene su. A Yuli 1945 Mikhail Kalinin, wanda a takarda shi ne shugaban ƙasa, ya yi wa wasu sojoji mata da ake sallama jawabi, ya yaba musu, sannan ya shawarce su kada su riƙa ɗaga kai ko ba da labarin abin da suka yi, su bar wasu su faɗa. A Oktoba na shekarar aka rushe rundunar Mayun Dare. Cikin mata kusan 800,000 da suka yi aikin soja, kaɗan ƙwarai aka bari da kaki.

Akwai kuma waɗanda labarinsu bai shiga fim ba sam a wancan zamani domin bai dace da hoton da ake so ba. Lydia Litvyak, matuƙiyar jirgin farauta da ta yi suna a yaƙin Stalingrad, ta ɓace a sararin Donbas da ke gabashin Yukren ranar 1 ga Agusta 1943 tana da shekara 21. Tunda ba a ga gawarta ba, kuma dokar Stalin tana kallon wanda ya faɗa hannun abokan gaba da zargin cin amana, sai aka riƙe lambar girman da aka nema mata. Ba a ba ta ba sai a 1990, a zamanin Gorbachev. Anna Yegorova kuwa, wadda ta tuƙa jirgin kai farmaki Il-2 a cikin rundunar maza, an harbo ta a 1944, ta ƙone, ta rayu a sansanin fursunonin Jamus, kuma da aka 'yantar da ita sai jami'an tsaron ƙasarta suka tsare ta suna tuhumarta. Sai a 1965 ta karɓi tata lambar. Duk fim ɗin da ya nuna maka Bajamushe a matsayin haɗari ɗaya tilo da ke gaban waɗannan mata ya ɓoye maka rabin tsoronsu.

Shekarar 1965 ita ce mahaɗa. Gwamnatin Brezhnev ta mayar da ranar 9 ga Mayu, ranar tunawa da nasara a kan Jamus, ranar hutu bayan an daɗe da soke hutun, ta dawo da faretin nasara, ta kuma ayyana 8 ga Maris, ranar mata ta duniya, ranar hutu tare da ambaton gudummawar mata a yaƙi. Daga nan tunawa da yaƙin ya zama ginshiƙin da mulki ke jingina da shi, aka buɗe ƙofa ga littattafan tsofaffin sojoji da finafinai. A cikin wannan yanayi Leonid Bykov ya yi fim ɗinsa na 1973 a birnin Kiev, V Boy Idut Odni Stariki, wato Tsofaffin Hannu Kaɗai Ke Fita Daga, wanda mutane sama da miliyan 40 suka kalla a sinima. Labarin matuƙa maza ne masu son kiɗa, amma akwai mata biyu masu Po-2 da suka yi saukar dole a filinsu, ɗaya ta yi soyayya da wani matashin matuƙi Ba'uzbeke, kuma a ƙarshe abokan suka tarar da kabarin matan biyu. Fim ne mai taɓa zuciya da gaske, ba na kuma ƙasƙantar da shi, sai dai matan sun shigo ne domin su ƙara wa baƙin cikin maza nauyi.

A 1981 sai ga wani abu da ba a cika samu ba a tarihin sinima. Yevgenia Zhigulenko, wadda ita kanta matuƙiya ce a rundunar Mayun Dare, ta yi sawu 968 kuma tana da lambar Gwarzo, ta koma makarantar koyon fim ta Mosko tana da shekara kusan hamsin, ta fito ta shirya V Nebe Nochnye Vedmy, wato Mayun Dare a Sama. Ina kyautata zaton shi ka kalla. A wajen ƙananan abubuwa, yadda ake rataya bam, gajiyar asuba, yadda ake ƙirga jiragen da suka dawo ana kallon gadon da ba mai kwanciya a kai, shaidar ganau ce. Amma ganau ɗin tana aiki ne a ƙarƙashin kamfanin gwamnati da hukumar tace finafinai, a shekarun da sojan Sobiyet ke yaƙi a Afganistan, don haka babu jami'in tsaro mai tuhuma a ciki, babu rainin da wasu mazan soja suka yi musu, babu tsegumin da ya bi matan da suka dawo daga fagen daga. Mai gaskiya ce ta yi fim ɗin, cikin iyakar da aka shata mata. Haka nan da fim ɗin Aleksei German ƙarami mai suna Vozdukh, wato Iska, labarin mata matuƙa jiragen farauta na Sobiyet, ya fito a sinimomin Rasha a Janairu 2024, da laka da jini da jami'in tsaro duk a ciki, ya fito ne ƙasar tana yaƙi a Yukren kuma gwamnati tana kiran yaƙin ci gaban faɗa da 'yan Nazi. Ko mai fim bai nufa ba, lokacin fitowa yana ƙara wa fim ma'anar da ba ta cikin rubutunsa.

Kada a ɗauka wannan ciwon Rasha ne kaɗai. Amurka ba ta bar mata su yi faɗa a sama ba a wancan yaƙi, amma ta ɗauki sama da 1,000 a ƙungiyar mata matuƙa masu taimaka wa sojan sama da ake kira WASP, suna kai sababbin jirage daga masana'anta zuwa sansani, suna gwada waɗanda aka gyara, suna jan abin bara a sama domin masu koyon harbi su auna. Mujallar Life ta sa ɗayarsu a bangonta a Yuli 1943. Mata 38 suka mutu a bakin aiki, kuma da yake a takarda farar hula ne, ba a yi musu jana'izar soja ba, sau da yawa abokan aiki ne ke haɗa kuɗin kai gawa gida. A 1944, daidai lokacin da majalisa ke duba ko za a mayar da su cikakkun sojoji, Hollywood ta fitar da Ladies Courageous, wanda ya nuna su suna kishi a kan maza, suna neman suna, suna karya doka suna kayar da jirage. Majalisa ta yi watsi da ƙudurin a watan Yuni, bisa matsin lambar matuƙa maza farar hula da ke tsoron rasa aiki a tura su sojan ƙasa, aka rushe ƙungiyar a Disamba. Ba a amince da su a matsayin tsofaffin sojoji ba sai 1977. Ba na cewa fim ɗin ne ya kayar da ƙudurin, amma fim da aka tallata da sunan yabo ya ba masu adawa hoton da suke so.

A zamaninmu akwai wata tambaya mai sauƙi da ke tona asiri da wuri: jirgin da ke cikin fim ɗin na wane ne? Ba furodusan da ke da jirgin yaƙi a gareji. Wanda yake son na gaske dole ya je wurin soja, su kuma ba sa ba da aro sai sun karanta labarin sun gamsu. Ma'aikatar tsaron Amurka tana da ofishi na musamman domin wannan hulɗa. Ta haka aka yi Top Gun a 1986 da taimakon sojan ruwa. Bayan an ɗage haramcin shigar mata jiragen faɗa a 1993, sai matuƙiya ta zama fuskar talla mai daraja: a 2019 sojan sama suka taimaka wa Captain Marvel, jarumar fim ɗin ta je sansani ta gana da Jeannie Leavitt, mace ta farko da ta tuƙa jirgin faɗa a rundunar, kuma aka riƙa haska tallar ɗaukar soja mai nuna matuƙa mata a sinimomi tare da fim ɗin. Kwatanta da Courage Under Fire na 1996, labarin wata matuƙiyar jirgi mai saukar ungulu da ta mutu a yaƙin Tekun Fasha, wanda a cikinsa akwai soja ya harbi ɗan'uwansa bisa kuskure da manya masu rufa-rufa. Ma'aikatar ta ƙi ba da hannu, dole masu fim suka nemo tsofaffin tankokin Birtaniya suka yi musu kwaskwarima su yi kama da na Amurka. Masu kallon finafinan Indiya kuma za su tuna fim ɗin 2020 a kan Gunjan Saxena, wadda ta tuƙa jirgi mai saukar ungulu a yaƙin Kargil na 1999 tsakanin Indiya da Pakistan. Da fim ɗin ya nuna wariyar da ta fuskanta daga abokan aiki maza, rundunar sojan saman Indiya ta rubuta wa hukumar tace finafinai takardar ƙorafi. Soja yana son hoton matuƙiya, amma ba ya son labarin abin da aka yi mata a barikinsa.

Tambaya ta gaba ita ce wa ke ƙasa lokacin da bam ke sauka. A labarin Mayun Dare amsar ba ta da wuya, tunda mamaya aka kawo musu har gida kuma sojoji suke jefa wa bam. Amma kyamarar da ke zaune a mazaunin matuƙi ba ta ganin fuskar kowa a ƙasa, kuma idan matuƙin mace ce sai sha'awar ganin ta yi abin da aka ce mata ba za su iya ba ta ƙara rufe wa mai kallo ido. Sabiha Gökçen, 'yar riƙon Atatürk, shugaban farko na jamhuriyar Turkiyya, ana kiranta mace ta farko da ta tuƙa jirgin yaƙi a fagen daga, kuma sunanta ne a kan filin jirgin sama na biyu na Istanbul. Fagen dagar kuwa shi ne Dersim a 1937, inda gwamnatin Turkiyya ta murƙushe al'ummar yankin, aka kashe dubban fararen hula. Hotonta da hular tuƙi hujja ce ta ci gaban mata ga wasu, ga zuriyar mutanen Dersim kuwa wani abu ne dabam. Haka a 2014 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta baza hoton Mariam al-Mansouri a cikin jirginta F-16 lokacin hare-hare a kan ƙungiyar IS a Siriya, kuma hoton ya yi wa ƙasar aikin da jakadu da yawa ba za su iya ba.

Idan kana son fim guda da ya tsallake yawancin waɗannan tarkuna, nemi Krylya, wato Fukafukai, na 1966, wanda Larisa Shepitko ta shirya tana da shekara ashirin da 'yan kai. Kusan babu faɗa a cikinsa. Maya Bulgakova ta fito a matsayin Nadezhda Petrukhina, tsohuwar matuƙiyar jirgin farauta, yanzu shugabar wata makarantar koyon sana'a a wani gari, shekara ashirin bayan nasara. Kowa yana gaishe ta da girmamawa, ba wanda ke sakin jiki da ita. Ɗalibai suna tsoronta, ɗaya da ta kora ya faɗa mata a fuska cewa ya raina ta, 'yar da ta rena ta yi aure ba ta nemi shawararta ba, kuma hotonta yana manne a gidan tarihin garin cikin jerin gwaraza, ana zagayawa da yara ana nuna musu kamar wadda ta riga ta mutu. Yaƙin yana zuwa mata ne a guntayen tunani: gajimare, da jirgin masoyinta yana faɗuwa tana biye da shi a gefe ba abin da za ta iya yi. Wasu tsofaffin sojoji sun ji haushin fim ɗin lokacin da ya fito, suna ganin bai dace a nuna gwarzuwa cikin kaɗaici haka ba.

A ƙarshensa ta je filin ƙungiyar koyon tuƙi, da siket da takalmin ofis, ta yi ta fama har ta hau wani ƙaramin jirgi ta zauna. Samarin da ke wurin suka gane ta, suka ce bari su tura ta a ƙasa ta ɗan ji daɗi, suna dariya suna turawa zuwa rumfar ajiye jirage. Ana dab da shiga rumfar sai ta tayar da inji, samarin suka watse, ta juya hancin jirgin zuwa fili ta tashi.